Jego a Hanyar Makka: Matan da Suka Haihu a Sudan

Wannan makon za mu koma kan tsohuwar hanyar hajji ta ƙasa. An sha ba mu labarin sarakuna da malaman da suka bi ta, amma mu yau matan da haihuwa ta riska a kan hanyar ne a ranmu.

Kafin zuwan jirgin sama, maniyyaci kan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya bi ta Borno, ya ratsa ƙasar Chadi, ya shiga Darfur ta Janaina, ya wuce Fashir da Ubayyid, har ya dangana da Sawakin a bakin Bahar Maliya, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, domin duk inda guzuri ya ƙare sai an yada zango an yi noma ko ƙwadago. Matar aure da ta shekara biyar a hanya kuwa, da wuya ta kai Sawakin ba goyo a bayanta.

Mu tuna yadda abin yake a gida. Mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. Ungozoma ta san ta, ta san uwarta. Kafin ta haihu miji ya tara itace, saboda wankan jego safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye har kwana arba'in. Ga kunun kanwa, ga kauri, ga wanzami ran suna. Duk wannan dangi ne ke ɗauke da shi. A ƙasar Kurdufan ina uwa, ina gwaggo? Ruwan sha ma a wasu garuruwan cikin kututturen kuka ake adana shi tun damina, balle na wanka sau biyu a yini. Sai matan zango su zame wa juna uwa, tsohuwar da ta fi kowa ganin haihuwa ita ce ungozoma. Mu dai a ganinmu, wannan na cikin abin da ya sa Hausawa suka riƙa curewa unguwa guda duk inda suka sauka. Namiji zai iya kwana ko'ina, mai jego sai da nata.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka buɗe noman audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu suka samu aikin tsintar auduga, zango ya koma gida. A birni kuwa gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantar ungozomai a Omdurman tun 1921, ƙarƙashin wata Baturiya, Mabel Wolff. To amma Omdurman daban, bukkokin bakin gona daban.

Sauran magana ita ce ɗan da aka haifa, na ina ne? Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta nemi mutum ya nuna shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897. Ke nan yaron da aka binne cibiyarsa a Mai Wurno a 1910, wanda bai taɓa ganin Sakkwato ba, a takarda baƙo ne, Fallata ko Takari ake ce masa. Masani Bawa Yamba, a littafinsa na 1995, ya nuna yadda jikoki da tattaɓa-kunnen waɗannan matan ke kiran kansu matafiya hajji, alhali a can aka haifi iyayensu. Da rikici ya ɓarke a jihar Bulu Nayil a watan Yulin 2022, aka rasa rayuka da dama, maganar da aka jefa wa Hausawa ita ce ba su da ƙasa a wurin.