Tafkunan Jos: Abin da Kuza da Damina Suka Bari

Yawancin tafkunan da ke kewaye da Jos, daga Rayfield zuwa Bukuru da Barikin Ladi, tsofaffin ramukan haƙar kuza ne da ruwan damina ya cika. Garin yana kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,200, ana ruwa daga Afrilu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, wani lokaci har da ƙanƙara.

Tun kafin zuwan Turawa ana wanke kuza a rafukan yankin, musamman kogin Dilimi, maƙeran Liruwe su narka ta, fatake su kai kasuwannin ƙasar Hausa. Wajen 1902 zuwa 1904 ma'aikatan kamfanin Neja suka bi sawun wannan fatauci har suka kafa sansani a Naraguta. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya biyo baya a 1927. Leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga Kano, Bauchi, Borno da kudancin ƙasar, unguwanni irin su Gangare suka bunƙasa a gefen Dilimi.

Aikin kuza ba ya yiwuwa sai da ruwa, domin da shi ake rabe ta da ƙasa da yashi. Saboda haka kamfanoni suka gina madatsu don tare ruwan damina, suka kuma samar da lantarki daga gangaren ruwan Kura. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, an kawo dubban mutane aikin tilas, da yawa suka mutu saboda sanyi, cuta da ƙarancin abinci. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, aka bar ramuka ba a cike ba.

Sanyin garin ya sa Turawan mulki suka mai da shi wurin hutu. Haƙar kuza ce kuma ta tono gumakan yumɓu na Nok, waɗanda Bernard Fagg ya tattara, aka buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Gandun namun daji ya biyo baya a 1972. A yau masu yawon buɗe ido kan shiga kwale-kwale a tafkin Rayfield, manoma kuma suna noman rani na dankalin Turawa, kabeji da karas da ruwan wasu ramukan.

Ruwan yana da nasa haɗari. Ramukan suna da zurfi, sukan ci mutane da dabbobi. A Yulin 2012 madatsar Lamingo ta tumbatsa bayan mamakon ruwa, ambaliya ta ratsa Rikkos, Gangare da Unguwar Rogo, ta hallaka sama da mutum 30, ta rushe gidaje masu yawa a bakin kogi.