Bulala Ba Ta Maganin Tsoron Doki

Wata rana da yamma, bayan mun tashi daga karatu, wani ɗalibina ya tsaya bai tafi gida ba. Magidanci ne, ya girme ni nesa. Ya ce, "Malam, ran kasuwa zan kai dokina in sayar."

Na ce, "Subhanallahi! Bikilin nan da mahaifinka ya bar maka?"

Ya ce, "Shi fa. Tun ran da babur ya ɓullo masa ba zato a kan hanyar Gazawa, ya yi tutsu ya kayar da ni, bai sake zama doki ba. In ya ji ƙarar inji sai ya tsinke igiya. Na yi bugu har hannuna ya gaji, abin sai gaba yake yi. Yanzu ko sirdi ya hanga sai jikinsa ya kama ɓari."

Dillalai sun riga sun ji labari, sun taya rabin kuɗinsa. Ga azumi ya kama, salla ta matso. Gidansu kuwa tun zamanin kakansa ba a taɓa hawan salla babu dokinsu a bayan sarki ba.

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ce, kakanninmu sun shiga da dawaki cikin kibau da masu da ƙarar tambura. Yaya aka yi nasu suka tsaya, namu kuwa babur ɗaya ya haukata shi? To, jama'a, ku zo mu koma baya mu duba.

Doki a tarihin ƙasarmu

Doki ya daɗe a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga ko rimi a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta huda su. Tun daga lokacin nan ƙarfin sarki yana ga yawan dawakinsa. Shi ya sa a fadojin ƙasar Hausa ake da sarautu na doki, kamar Madawaki ko Ubandawaki, shugaban mahaya, da Shamaki mai kula da bargar sarki, da zagage masu tafiya gaban dokinsa.

A 1804 jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi. Birnin Katsina ya faɗi a 1807, Alƙalawa ta Gobir ta bi baya a 1808. Sarakunan da aka kora suka yo arewa da jama'arsu da abin da ya rage na dawakinsu. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya kafa sarautar Katsinawa a Maraɗi. A 1836 aka gwabza yaƙin Gawakuke da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Bayan wannan ne Mayaƙi ya tattara Gobirawa ya kafa Tsibiri a bakin Gulbin Maraɗi. Ita ce ake rubutawa Tibiri, tana cikin yankin Gidan Rumji na yanzu.

Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin, hari bai tsaya ba tsakanin ƙasar nan da ƙasashen da ke bin Sakkwato. Ɗan Baskore ya yi fiye da shekara ashirin yana sarautar Maraɗi, yana hawa yaƙi kudu kusan kowane rani. Babban jarumin Maraɗi shi ne mai sarautar Ƙaura. A watan Janairu na 1851 wani Bature ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarimu, ya sauka a Gazawa daga Tasawa zai tafi Katsina. Ya tarar da garin kewaye da kafi da gwalalo mai zurfi, domin yana bakin iyaka. Tsakaninsa da Katsina kuwa daji ne mai hatsari, mahara suna kai da komowa.

Kun ga a irin wannan zamani, ran mutum yana hannun Allah, yana kuma bisa dokinsa. In doki ya firgita a fagen fama ya juya, mahayi ya halaka. Saboda haka ba a ɗauki natsuwar doki da wasa ba.

Yadda suke riƙon doki

Dokin yaƙi ba a sakinsa daji kamar saniya. A cikin gida ake kafa masa turke, kusa da ɗakin maigida. Ɗan barga yana tare da shi dare da rana. Shi ke yanko masa ciyawa, ya zuba masa harawa, ya ba shi gero da dusa da ƴar kanwa, ya shayar da shi ƙasari. Sau da yawa da hannu ake ba shi ci. Ana share masa jiki, ana cire masa kaska, ana yi masa magana.

Ku duba inda duƙushi yake tashi. Mata na daka kusa da shi, yara na guje-guje, maƙera na bugun ƙarfe. In a fada yake, yana jin kakaki da algaita da tambura tun yana bin uwarsa. Da yamma a fita da shi kilisa tare da manyan dawaki da suka saba. Kafin ran da za a ɗora masa lifidi, ya riga ya ji ƙara iri iri, ya ga ba ta cinye shi ba. Ya kuma san hannun mutum da ci da sha da susa.

Amma mu faɗi gaskiya, ba duk abin da aka gada ne abin koyi ba. Linzamin da suka yi amfani da shi yana da zobe da ƙarfe mai taɓa dasashi, in an fizga yakan fasa bakin doki har jini ya fito. Ƙaimi ma yana da tsini. Da irin linzamin nan ake tsayar da doki cak yana cikin sukuwa, kamar yadda muke gani in ana jahi gaban sarki. Linzami yana tsayar da ƙafar doki, amma ba ya shiga zuciyarsa ya cire tsoro. Abin da ya sa dawakinsu suka tsaya shi ne sabon da aka yi musu a barga, wata da watanni.

Da zamani ya juya

A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan, tana ƙone garuruwa tana kashe mutane. A watan Maris na 1903 mahayan Sakkwato suka fuskanci bindiga mai ruwa ta Ingilishi, lifidi bai hana harsashi ba. Zamanin dokin yaƙi ya ƙare ke nan.

Doki ya zama na sarakuna da hakimai da attajirai, da na hawan salla da buki da sukuwa. Sannan mota ta zo. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi masu yawa, harawa ta yi tsada, gidaje da dama suka rabu da turke. Daga baya babur ya cika ƙauyuka, daga Agye har Gidan Rumji.

Dawaki sun ragu, amma masu sanin riƙonsu sun fi raguwa. Yau sai ka ga doki ɗaure a bayan gida shi kaɗai, wata da watanni ba kilisa, ba mai zama kusa da shi. Ran salla a fito da shi cikin taro da ƙarar babura da bindigogi. In ya zabura, a ce ya yi iskanci, a hau shi da bulala.

Me ya sa doki yake firgita?

Allah bai ba doki ƙaho ba, bai ba shi farcen zaki ba. Gudu shi ne makaminsa. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi. Wuri biyu ne ba ya gani, daidai bayan wutsiyarsa da daidai gaban goshinsa. Abin da ya ɓullo masa ta can ba zato, sai ya yi harbi ko ya zabura tun bai san ko mene ne ba. Kuma ba ya manta wurin da ya sha wuya. Hausawa sun ce wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ba yau aka gane wannan ba. Kusan shekara 2,400 da suka wuce, wani sojan doki na ƙasar Girka mai suna Zenofon ya rubuta littafi a kan riƙon doki. Ya gargaɗi mahayi kada ya taɓa doki yana cikin fushi. Ya kuma nuna in ka bugi doki don ya ji tsoron wani abu, zai ɗauka abin nan ne ya jawo masa zafin, tsoronsa ya ƙaru. Abin da ya sami bikilin ɗalibina ke nan. Da farko babur yake tsoro. Bayan bugu sai ya koma tsoron babur da sirdi da maigidansa gaba ɗaya.

Aikin tsoho

A garinmu akwai wani tsoho wanda mahaifinsa ɗan barga ne a fada. Muka je muka gaishe shi, muka faɗa masa. Ya zo ya tsaya nesa da turke, ya daɗe yana kallon dokin. Sannan ya ce wa ɗalibina, "Ɗana, kawo bulalar nan." Ya karɓa ya jefa bisa rumbu. Ya ce, "Kowa ya hau dokin zuciya zai sauka a garin da-na-sani. Ka ba ni wata uku."

Ɗalibina ya ce, "Baba, salla fa saura kwana ashirin."

Tsoho ya ce, "Akwai wata sallar a bayanta."

Ga abin da ya sa aka yi, bi da bi.

Da fari ya duba ko akwai ciwo. Aka sami miki a gefen baki inda linzami ya yanka, da wani a gadon baya inda sirdi ke gugawa. Aka cire linzami aka bar ragama kaɗai, aka daina hawa sai miki ya warke. Doki mai ciwo ba ya koyon kome.

Na biyu, ya ce maigidan da kansa zai riƙa ba shi ci da sha, kada ya aiki yaro. Safe da yamma ya zo ta gefen kafaɗa inda dokin ke ganinsa, yana magana a hankali, ya zauna kusa da turke. Kwana shida dokin yana ja da baya har igiya ta miƙe. A na bakwai ya miƙo wuya ya ci dusa a ƙwarya, ƙwaryar tana hannun maigidansa.

Na uku, shafa. A fara daga wuya zuwa kafaɗa. In ya ɗaga kai ya ƙame, a tsaya a jira. In ya sauke kai, ya saki numfashi, ya kama lasar baki, sai a janye hannu a ba shi hutu. Tsoho ya ce hutun nan shi ne ladan doki, da shi yake gane ya yi daidai.

Na huɗu, sirdi. Aka ajiye shi kusa da harawa kwana da kwanaki, yana sunsuna shi. Sannan aka ɗora tsumma kaɗai a bayansa, daga baya sirdi ba majayi, daga baya aka ɗaura majayi sako-sako.

Na biyar, babur. Aka kafe shi a fili, inji a kashe. Aka jawo wata tsohuwar goɗiya da ta saba da hanya ta shiga gaba, bikili yana bin ta, suna kewaya babur daga nesa. Kullum a ɗan matsa. Ran da ya sunsuni babur, aka zuba masa dusa a wurin. Bayan haka aka tayar da inji can nesa. Daga ƙarshe mai babur ya riƙa tafiya a hankali a gaba, doki yana bin sa a baya. Doki in ya ga abu yana gudunsa, sai ya ƙara samun ƙarfin zuciya.

Kowane zama gajere ne, kamar tsawon shan fura a huta. Ba a tashi sai doki yana cikin natsuwa. Ran da ya koma gidan jiya, sai a koma mataki na baya, ba faɗa. Tsoho ya hana yara tsayawa bayan dokin, ya kuma hana naɗe igiya a hannu, don kada ya fizga ya ja mutum a ƙasa.

Ƙaramar salla ta zo ta wuce, bikili yana turke. Mutane suka yi ta tambaya, wasu suka yi dariya, ɗalibina ya haɗiye. Tsakanin ƙaramar salla da babba wajen kwana saba'in ne. Ran hawan babbar salla sai ga shi a bayan sarki, bisa bikilin mahaifinsa. Babura suna wucewa, dokin yana kaɗa kunne, bai bar sahu ba. Har yanzu in babbar mota ta yi ƙaho kusa da shi yakan ɗan zabura. Maigidan ya dafa wuyansa ya yi masa magana, sai ya tsaya.

Ƴan uwa, tsofaffin da suka san barga suna ƙarewa. In akwai irinsu a garinku, ku je ku zauna da su, ku tambaye su sunayen dawaki da kayan doki da yadda iyayensu ke horo. Tun da yanzu kun iya riƙe alƙalami, ku rubuta abin da suka faɗa, ku kawo aji mu karanta tare. Wanda kuma yake da maƙwabci mai doki da bai iya karatu ba tukuna, ya karanta masa wannan kafin ran kasuwa.