Yaro Mai Laifi: Tsakanin Kaso, Mari da Gidan Ubansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Tamaske da kewaye, da ku da kuke karanta wannan daga wuraren cin rani, darasinmu na yau a kan wani wajibi ne da ba a cika ambatonsa ba idan ana lissafa wajibai, wato haƙƙin yaron da ya yi laifi. Idan aka kama ɗan shekara 14 da wayar wani a aljihunsa, ko da buhun albasar da ba tasa ba, nan take za ku ji murya biyu. Wasu su ce a miƙa shi ga jandarmomi a kai shi kaso a Keita, ya ɗanɗana kuɗarsa. Wasu su ce a kai shi wurin malam mai mari. Kafin ku bi ɗaya daga ciki, ku dubi yadda magabata suka yi da wannan al'amari, da abin da kowace hanya ta haifar.

Ku sani, a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, babu wani gini da aka keɓe domin ɗauri a Madina. Da aka kamo Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, a jikin ginshiƙin masallaci aka ɗaure shi. Kwana uku yana ganin sahu, yana jin karatu, Annabi yana zuwa yana tambayarsa abin da ke ransa, sannan ya yi umarni aka sake shi. Ya tafi ya yi wanka, ya dawo da ƙafarsa ya musulunta. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan. Abokin gaba ne, amma an tsare shi a inda idonsa zai ga alheri.

Da daula ta faɗaɗa a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, gwamnansa na Makka, Nafi'u ɗan Abdul Haris, ya sayi gidan Safwanu ɗan Umayya a kan dirhami 4,000, aka mai da shi gidan tsaro. Daga baya Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan Hijira, ya rubuta wa Halifa Haruna Rashid a cikin Kitabul Haraji cewa a ciyar da ɗaurarru daga Baitulmali, a ba su tufar sanyi da ta zafi, a riƙa duba shari'arsu ba tare da jinkiri ba, kuma kada a wuce iyaka wajen duka. Ya kuma kawo umarnin Umar ɗan Abdul Aziz na hana sanya wa Musulmi marin da zai hana shi yin salla a tsaye. Duk wannan haƙƙin baligi ne da ya yi laifi yana sane. To, ina ga yaro?

Shi yaro, hadisi ya tabbata cewa an ɗauke masa alƙalami har ya balaga, kamar yadda aka ɗauke wa mai barci da mai taɓin hankali. Saboda haka babu haddi a kansa, babu ƙisasi. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan alamomin balaga ba su bayyana ba, magana mafi shahara ita ce a jira shekara 18. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san cewa gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi, kuma idan diyyar ta kai kashi ɗaya cikin uku ko fiye, danginsa na wajen uba ne suke ɗauka. Abin da ya ɓarnata na dukiyar mutane kuwa, ana biya daga dukiyarsa. Kun ga haƙƙin wanda aka cuta bai faɗi ba. Abin da ya rage a kan yaron shi ne ladabtarwa daidai gwargwado, wadda manufarta gyara.

Imamu Malik ya kawo wani labari a cikin Muwaɗɗa da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar ya fara yin umarni a yanke hannuwansu, sai ya dakata, domin ya fahimci yunwa ce aka bar su da ita. Ya ɗora wa ubangidansu tarar dirhami 800, alhali kuɗin taguwar 400 ne. Malik ya bayyana cewa ba a kan ninka tara aikin mutanen Madina yake ba, amma darasin yana nan: Umar ya nemi wanda ya bar su da yunwa kafin ya zartar da hukunci a kan wanda ya miƙa hannu.

A ƙasar Hausa kafin zuwan Nasara, sarki yana da dogarai, yana da mai sarautar Yari wanda ke tsaron ɗaurarru, daga nan aka samu sunan gidan yari. Yaron da ya yi ɓarna kuwa, galibi hannun ubansa ko baffansa ake mai da shi a gaban mai unguwa. A biya abin da ya ɓata, sannan a haɗa shi da malami, ko maƙeri, ko masaƙi, ko baduku, ko falke, ya tashi a ƙarƙashin idon babba. Sai dai gaskiya ita ce mari ma tsohon abu ne a cikinmu: almajirin da ya cika gudu akan sa masa ƙarfe a ƙafa, ana ganin magani ne.

Da Faransawa suka ci ƙasar a farkon ƙarni na 20, suka zo da kaso, kalmar ma daga harshensu muka aro ta. A ƙarƙashin dokarsu ta andijena, kumandan yana iya kulle mutum har kwana 15 ba tare da alƙali ya gan shi ba, kuma ba a soke wannan ba sai a 1946. Tun da dokokinmu na yau daga can suka samo tushe, ya kamata ku san abin da su kansu suka gwada a kan yara. Sun buɗe gonar horon yara ta Metire a ƙasarsu wajen 1840, aka yi ta yabonta, daga ƙarshe aka rufe ta a ƙarshen shekarun 1930 bayan labarin azabar da ke cikinta ya bazu. Sun buɗe irinta a Ciyes ta Senegal a 1888. Sai a 1945 suka kafa dokar da ta sa tarbiyya gaba da hukunci a shari'ar yara. A nan Nijar, tun shekarun 1950 aka kafa cibiyar gyaran tarbiyyar yara a Dakoro, cikin jihar Maraɗi. Maƙwabtanmu na Najeriya kuma suna da gidan horon matasa na Kakuri a Kaduna tun shekarun 1960.

Bayan 'yancin kai, kundin hukunta laifuka na Nijar na 1961 ya ce yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a hukunta shi. Daga 13 zuwa 18 kuwa, alƙali yana duba ko ya san abin da yake yi, kuma ko ya sani, hukuncinsa ba ya kai na babba. A 1999 aka kafa kotunan yara da alƙalinsu na musamman, aka sabunta dokar a 2014. Ku lura yadda doka ta tsaya a kan shekara 18, inda malamanmu suka riga suka tsaya. Amma takarda daban, gini daban. Ba kowane gidan kaso ke da ɓangaren yara da ya cika sharaɗi ba, kuma yaron da ya yi watanni yana jiran shari'a kusa da tsofaffin ɓarayi, kun san abin da zai koyo. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Masu ganin mari shi ne mafita kuma, su tuna watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara, wasu da ƙarfe a ƙafa, da tabon bulala a gadon baya. A watan da ya biyo baya aka gano irinsa a Daura da Katsina. Abin da ya fi ciwo shi ne, da yawa iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi, da sunan addini. Wanda Umar ɗan Abdul Aziz ya hana a yi wa babban mai laifi, shi aka yi wa yaron da Allah Ya ɗauke wa alƙalami.

To, mene ne ya wajaba a kanmu?

Na farko, uban da ke Abijan ko Legas ko Libiya ko Aljeriya ya sani kuɗin da yake aikowa bai sauke masa nauyin tarbiyya ba. Ya wakilta babba guda da zai san inda ɗansa yake kwana, da wa yake yawo, ko ya fara shan tiramol.

Na biyu, ƙaramar sata da faɗan yara a kai su gaban mai unguwa ko hakimi ko liman, a biya mai haƙƙi cikakke, a yi sulhu. Amma zubar da jini da fyaɗe na hukuma ne, ɓoye su zalunci ne ga wanda aka cuta.

Na uku, haramun ne taron jama'a su rufe yaro da duka a kasuwa. Duk wanda ya ɗaga sanda zai amsa tambaya a gaban Allah.

Na huɗu, idan an tsare shi a Keita ko Buza ko Madawa ko Tawa, a ziyarce shi, a kai masa abinci da tufa da allo, a nemi ganin alƙalin yara, a bi shari'arsa har ta ƙare. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na biyar, ranar da ya dawo ita ce ranar jarrabawarmu. Kada a laƙaba masa ɗan kaso. Tela da makaniki da mai walda da mai lambun albasa, kowa ya karɓi ɗaya ya koya masa sana'a, a kuma buɗa masa wuri a sahu. Wannan farilla ce ta kifaya: idan wasu suka yi, ta faɗi a kan saura, idan kowa ya kau da kai, gari duka ya ɗauki zunubi. Ku tuna mutumin da aka hukunta saboda shan giya a gaban Annabi, wani ya yi masa mugun baki, Annabi ya hana a taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwa.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya kuɓutar da waɗanda ke tsare, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.