Ranar da Masu Tirela Suka Tsayar da Amurka

Wannan makon za mu leƙa Amurka ta shekarar 1973, mu ga abin da ya sa mutumin da ke da motar kansa, ba ya ƙarƙashin kowa, ya wayi gari ya gindaya tirelarsa a tsakiyar titi.

A watan Oktoba na shekarar aka gwabza yaƙi tsakanin Isra'ila da Masar da Siriya. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu nan Najeriya wannan tashin ne ya cika baitulmali har aka kai ga rabon kuɗin Udoji. Can kuwa layi ne a gidajen mai, kuma wasu tashoshin manyan motoci suka ƙayyade man gas ɗin da za su zuba wa kowace mota.

Tsada ta shafi kowa, amma ta fi yi wa mai mota ɗaya illa, kuma dalilin yana cikin wata doka ta 1935. Dokar ta ba hukumar ICC ikon cewa wa zai yi dakon kaya tsakanin jihohi, ta wace hanya, kuma a kan nawa. Samun lasisinta sai manyan kamfanoni. Kayan gona da ba a sarrafa ba ne kawai aka bar wa kowa. Saboda haka direban da ya ci bashi ya sayi motarsa zaɓi biyu ke gare shi: ko ya yi ta jigilar shanu da kayan lambu, ko ya jingina motar ga kamfani mai lasisi, kamfanin ya samo lodi, ya cire kamashonsa, ya miƙo masa saura. Mai, taya, gyara da bashin banki duk a wuyansa suke, amma kuɗin dako ba shi ke yankawa ba. Direban kamfani kuwa, ɗan ƙungiyar Teamsters, ko mai ya kai nawa ba daga aljihunsa za a biya ba. Mu riƙe wannan bambancin, domin shi ya sa shugabannin Teamsters suka ƙi shiga boren.

Ana cikin haka gwamnatin Nixon ta zo da maganar rage gudu don tsimin mai, abin da ya zama doka ranar 2 ga Janairun 1974: mil 55 a awa, wato kusan kilomita 89. Ga mai albashi wannan ɗan jinkiri ne. Ga wanda ake biya gwargwadon tafiyar da ya yi, ragin abinci ne.

Tun kafin dokar ta tabbata, a farkon Disamban 1973, wani direba daga jihar Kansas mai suna J.W. Edwards ya tsayar da motarsa a kan babbar hanya mai lamba 80 a jihar Pennsylvania. Ya ɗauki rediyon oba-oba da direbobi ke hira da shi, wanda suke kira CB, ya sanar da na kusa cewa shi fa ya gaji. Motoci suka yi ta tsayawa a bayansa. Cikin kwanaki aka toshe hanyoyi a Ohio da wasu jihohi, har da gadar kogin Delaware. Abin lura shi ne mutanen nan ba su da ofis, ba su da shugaba ɗaya. Wannan ɗan rediyo da teburin cin abinci na tasha su ne majalisarsu. Da suka isa Washington, jami'ai suka rasa da wa za su zauna, domin kowane gungu da mai magana da yawunsa: ga Mike Parkhurst mai mujallar Overdrive, ga William Hill na masu dakon ƙarfe, ga wasu. A cikin wannan ruɗani aka haifi ƙungiyar OOIDA, wadda har yau take wakiltar masu motar kansu.

Babban yajin ya fara a ƙarshen Janairun 1974, ya ɗauki kusan kwana 11, kuma bai yi kyau ba. An harbi motocin waɗanda suka ƙi tsayawa, an jefe su da duwatsu daga kan gadoji, an farfasa tayoyi, an rasa rayuka. Galibi direba ne ke jifan ɗan'uwansa direba, wanda shi ma bashin mota ne ya hana shi fakawa. Gwamnoni suka fito da dakarun jiha su raka ayari, masana'antu suka sallami ma'aikata na ɗan lokaci, nama ya yi ƙaranci a kantuna. Gwamnan Pennsylvania, Milton Shapp, ya shiga tsakani. Aka amince da ƙarin kashi 6 cikin 100 a kan kuɗin dako don rage zafin kuɗin mai, da ƙarin man gas ga tashoshi. Da yawa sun raina abin, amma ƙarshen wata ba ya jiran mai bashi, suka tayar da mota.

A 1979, bayan juyin juya halin Iran, mai ya sake tashi, aka sake yaji. Wannan karon kukan da yawansu ya wuce farashin galan: a cire hannun ICC, kowa ya nemi lodinsa. Ranar 1 ga Yulin 1980 Shugaba Carter ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofar. A ganinmu nan ne labarin ya fi ɗaci. Lasisi ya yi sauƙi, yawan masu riƙe da shi ya ninka cikin shekara goma, motoci suka yi wa kaya yawa, kuɗin dako ya faɗi. Masu kaya da manyan kantuna suka ci riba, Teamsters ta yi rauni, shi kuma mai mota ɗaya ya koma hannun dillalan lodi, waɗanda kan ce masa in bai ɗauka a haka ba akwai wani a bayansa.

A watan Afrilun 2008, da galan ɗin man gas ya kai dala 4, direbobi suka sake jeruwa suna tafiyar hawainiya a babbar hanyar New Jersey, wasu suka nufi Washington suna danna oda. Cikin buƙatunsu har da cewa ƙarin kuɗin mai da ake karɓa daga mai kaya ya riƙa isa hannun wanda ya sayi man, kada ya maƙale wurin dillali.