Dubai da Matsalar Waya a Hannun Mai Gudu

Duk wanda motar asibiti ta taɓa wucewa ta gabansa tana jiniya ya san abin da Christian Doppler, masanin lissafi ɗan ƙasar Ostiriya, ya bayyana a 1842: sautin yakan yi siriri in motar na tahowa, ya yi kauri da zarar ta ba da baya. A 1845 wani masani mai suna Buys Ballot ya ɗora masu busa ƙaho a kan jirgin ƙasa kusa da Utrecht ta ƙasar Holan, ya tabbatar da maganar. Haka igiyar rediyo take. Wayar da ke tunkarar ƙarfen sabis da gudu takan ji mita ta hau, in ta juya masa baya ta ji ta sauka, kuma girman gocewar ya rataya ne a kan abu biyu: saurin mai wayar da girman mitar da ake aiki da ita. A ganina Dubai ta shafe kusan shekara arba'in tana zagaye wannan matsala maimakon fuskantar ta, kuma hanyar zagayen ta kusa ƙurewa.

Da farko ma babu abin fuskanta. An kafa kamfanin sadarwa na Etisalat a 1976, ya buɗe wayar tafi-da-gidanka a 1982, sannan GSM ta iso a 1994 a kan megahaz 900. Direban da ke sheƙa kilomita 120 a awa a titin Sheikh Zayed, gocewar da wayarsa za ta gani ba ta wuce haz 100 ba, alhali an ƙera GSM ta jure gudun kilomita 250. Jirgin cikin gari da aka buɗe ranar 9 ga Satumba 2009, duk da burgewar tafiya ba direba, gudunsa bai kai na motocin da ke gefensa ba.

A sararin sama ne aka fara cin karo da gudu na gaske, kuma a nan dabarar zagaye ta fito fili. A watan Maris 2008 kamfanin Emirates ya ba fasinjoji damar kira da wayoyinsu a jirgin da ya tashi daga Dubai zuwa Kasabalanka. Ba a nemi wayar fasinja ta kamo ƙarafan ƙasa tana keta iska da kusan kilomita 900 a awa ba. Ƙaramar tashar sabis ta kamfanin AeroMobile aka dasa a cikin jirgin, tana tafiya tare da fasinja, don haka tsakaninsu babu gudu ko kaɗan. Na'ura ɗaya tilo ce ke ɗauke da nauyin daidaita mita tsakanin jirgi da tauraron ɗan'adam. Gaskiya ne nisa da gudun damun layukan ƙasa su ne manyan dalilan wannan tsari, amma a kan hanya ya sauke wa waya wahalar Doppler. Haka Thuraya, kamfanin da aka kafa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1997, wanda direbobin Sahara daga Agadas suka san wayarsa farin sani. Tauraronsa na farko, da aka harba a 2000, an ajiye shi ne a nisan kusan kilomita 36,000, inda yake juyawa daidai da juyawar duniya, mai kallo daga ƙasa ya gan shi kamar a tsaye.

Wani zai ce ana kambama abu ne kawai, don kiran da ke yankewa a mota yawanci laifin miƙa waya daga wannan ƙarfe zuwa wancan ne. A gudun mota, yana da gaskiya. Sai dai lissafin ya sauya ta fuska biyu lokaci guda. Da 5G ta shiga kasuwar ƙasar a 2019 mita ta koma wajen megahaz 3,500, kusan ninki huɗu na ta GSM. Sannan a Janairu 2025 aka sanar da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 350 a awa, wanda zai haɗa Dubai da Abu Dabi cikin minti 30. In aka haɗa biyun, gocewar ta haura haz 1,100, kuma mafi muni, a daidai lokacin da jirgin ya gifta ƙarfe takan kife daga hawa zuwa sauka cikin ƙiftawar ido. Tsarin 4G da 5G kuwa yanka hanyar saƙo yake yi siriri-siriri, tazarar kilohaz 15 ko 30, saboda haka mita na gocewa sai saƙon wannan layi ya malala cikin na maƙwabcinsa. (Jirgin bututu na Hyperloop One da aka ƙulla yarjejeniyarsa a 2016, mai alƙawarin minti 12, da ya fi haka tsanani, amma rufe kamfanin a ƙarshen 2023 ya hutar da injiniyoyi.) Ko an dasa tasha a cikin taragu, dole wata na'ura ta yi magana da ƙarafan gefen layin dogo. Sai gyara na haƙiƙa: a riƙa cusa alamomin gwaji cikin saƙo don a auna gocewar a cire ta, a faɗaɗa tazarar layukan, a kuma haɗa jerin ƙarafa su zama tasha guda, kamar yadda Sin ta yi a layukan jiragenta.

Akwai kuma mai cewa wannan ba tarihin Dubai ba ne, tunda a Turai da Sin da Amurka ake ƙera na'urorin. Ban musa ba: Dubai mai saye ce. Amma a Dubai ɗin ne, a Nuwamba 2023, taron hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya amince da tsarin da za a gina 6G a kai, inda aka ɗaga burin gudu daga kilomita 500 na 5G zuwa har 1,000 a awa. Taurarin da yanzu ake son su yi magana da wayar aljihu kai tsaye kuma ba masu tsayuwa ba ne irin na Thuraya. Kusa da ƙasa suke shawagi da gudun kilomita 27,000 a awa. Ƙa'idar haɗa waya da irin waɗannan taurari da aka kammala a 2022 ta ɗora wa wayar kanta aikin sanin inda take da inda tauraron yake, ta gyara mitarta tun kafin ta aika saƙo. Birnin da ya zaɓi jirgi mai gudun 350 ba shi da sauran hanyar zagaye, sai ya biya kuɗin gyaran a kowane ƙarfe da ke kan layin.