Yadda nakasassun Amurka suka kutsa siyasa ta wayar hannu, da inda abin ya shafe mu

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo nan Kudu. Rubutun nan yana da tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Wani ɓangare ne na abin da nake karantawa don aikin digirina na biyu, na ga bai kamata ya ƙare a kan teburin sufabaiza ba.

Maganar kan wani maudu'i ne na Twitter mai suna #CripTheVote. Mutum uku suka ƙirƙiro shi a watan Fabrairun 2016, ana tsaka da zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a Amurka: Alice Wong, Gregg Beratan da Andrew Pulrang. Dukkansu nakasassu ne. A lokacin Wong tana San Francisco, sauran biyun suna can gabashin ƙasar, intanet ce ta haɗa su. Kalmar farko ta maudu'in gutsure ce daga kalmar da Turawa ke kiran gurgu da ita cikin raini, su kuma da gangan suka ɗauke ta suka maida ta tuta. Ko a cikinsu ba kowa ne ya so hakan ba. Irin muhawarar da muke yi ce a Hausa tsakanin "nakasassu" da "masu buƙata ta musamman". Ni dai zan yi amfani da ta farko a nan, don ta biyun tana da daɗin ji amma sau da yawa tana ɓoye ainihin wanda ake magana a kai.

Sai dai wanda ya fara labarin daga 2016 ya fara daga tsakiya.

A 1973 majalisar Amurka ta yi wata doka mai ɗauke da sashe na 504, wanda ya hana duk wata hukuma ko makaranta da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna wa nakasasshe bambanci. Dokar ta wuce, amma ƙa'idojin aiwatar da ita suka kwanta a ofis shekara huɗu ba a sa musu hannu ba, domin jami'o'i da asibitoci suna kukan gyaran gine-gine zai ci kuɗi. Ranar 5 ga Afrilun 1977 nakasassu suka mamaye ofisoshin ma'aikatar lafiya da ilimi a birane da dama. A yawancin wuraren an kore su cikin kwana ɗaya ko biyu. A San Francisco kuwa, sama da mutum 100 ƙarƙashin jagorancin Judy Heumann da Kitty Cone suka ce ba inda za su, suka zauna kusan wata guda.

Ku ɗan tsaya ku auna abin. Mutanen nan wasu ba sa iya juyawa a kwance sai an juya su, wasu suna shan magani kullum, ga shi suna kwana a kan daɓen ofis. Hukuma ta yanke musu ruwan zafi, ta yanke layin tarho. Da aka yanke tarhon sai kurame suka tsaya bakin taga suna aika saƙo da yaren hannu ga 'yan uwansu da ke ƙasa, su kuma su kai wa 'yan jarida. Ƙungiyar baƙaƙen fata ta Black Panther ce ta riƙa kawo musu dafaffen abinci kullum, saboda ɗansu Brad Lomax yana cikin masu zaman. Da tawagarsu ta je Washington don matsa wa minista lamba, babu motar haya da keken guragu zai shiga, a bayan motar kwasar kaya aka riƙa yawo da su. Ranar 28 ga Afrilu ministan, Joseph Califano, ya sa hannu.

Shekara 13 bayan nan aka sake irin wannan, lokacin da babbar dokar kare haƙƙin nakasassu ta maƙale a majalisa. Ranar 12 ga Maris 1990 mutane da dama suka sauka daga kekunansu suka hau matakalar ginin majalisar da rarrafe, cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara 8, Jennifer Keelan. Ranar 26 ga Yulin wannan shekarar Shugaba George Bush babba ya sa wa dokar hannu.

To ga doka, amma rumfar zaɓe fa? Tun 1984 akwai dokar da ta ce wuraren zaɓen tarayya su zama masu shiguwa ga tsofaffi da nakasassu. A 2002, bayan rikicin ƙirga ƙuri'un Florida na 2000, aka ƙara wata da ta ce kowace rumfa ta sami aƙalla na'ura ɗaya da makaho zai kaɗa ƙuri'a da kansa ba tare da kowa ya san wa ya zaɓa ba. Duk da haka, da ofishin binciken ayyukan gwamnati na ƙasar ya zagaya rumfuna 178 a zaɓen 2016, kashi 60 cikin 100 ya samu da wani abu da zai iya tare nakasasshe tun kafin ya isa ga akwati. Wannan fa Amurka ke nan. Masu bincike biyu na Jami'ar Rutgers, Lisa Schur da Douglas Kruse, sun ƙiyasta nakasassun da suka cancanci zaɓe a wannan shekarar sun haura miliyan 35. Jama'a mai yawa haka, amma sai a gama muhawarar 'yan takara ta awa biyu ba a ambace su ba. Babban abin da ya sa aka yi maganarsu a wannan kakar shi ne kwaikwayon da Donald Trump ya yi wa wani ɗan jarida mai nakasar hannu, Serge Kovaleski, a wajen gangami a Nuwamban 2015, abin da shi Trump ɗin ya musanta. Kowa ya yi tir, amma tir ɗin bai taɓo albashi ko inshorar lafiya ba.

Wannan giɓin mutum ukun suka gani. Tsarinsu kuma babu wani sihiri a ciki. Su sanya rana da lokaci, su fitar da tambayoyi masu lamba tun kafin ranar, idan lokaci ya yi kowa ya amsa daga inda yake ya liƙa maudu'in. Bayan an tashi a tattara amsoshin wuri guda don wanda bai samu halarta ba. Ranar muhawarar 'yan takara kuma su zauna tare suna sharhi kai tsaye. Abubuwan da suke tattaunawa na zahiri ne: tsarin Medicaid da ke biyan kuɗin masu kula da nakasassu a gida, wani sashe na dokar ƙwadago ta 1938 da ya halatta biyan nakasasshe ƙasa da mafi ƙarancin albashi, yadda wasu jihohi ke ƙwace ƙuri'ar wanda kotu ta naɗa wa mai kula, da yadda 'yan sanda ke mu'amala da kurame da masu taɓin hankali. Kuma tun farko suka ce maudu'in ba na wata jam'iyya ba ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wa ya samu shiga. Zaman 1977 da rarrafen 1990 sun buƙaci jikin da zai jure, da kuɗin mota, da mai rakiya. Wanda ciwo ya kwantar, ko yake ƙauyen da babu motar da za ta ɗauke shi, sai dai ya gani a talabijin. Ita kanta Wong a lokacin da na'urar taimakon numfashi take rayuwa. A Twitter kuwa mutum yana kan gadonsa zai jefa wa ɗan takara tambaya, ɗan jarida ya gani ya ɗauka.

Amma kar wani ya ɗauka waya ta maye gurbin titi. A Yunin 2017, da 'yan Republican suka kawo ƙudurin da zai zaftare kuɗin Medicaid, 'yan ƙungiyar ADAPT, wadda ita ce ta shirya rarrafen 1990, suka je suka kwanta a ƙofar ofishin Sanata Mitch McConnell. 'Yan sanda suka riƙa ciccibar mutane daga kekunansu, aka kama 43. Bidiyon ya zagaya duniya cikin awanni, kuma waɗanda suka yaɗa shi suka riƙa buga wa sanatoci waya su ne jama'ar da maudu'in ya riga ya haɗa. A ƙarshen Yuli yunƙurin rushe dokar lafiyar ya faɗi a majalisar dattawa da ƙuri'a 51 da 49. Ba zan ce su kaɗai suka kayar da shi ba, amma su ne suka sa wa maganar fuska. Zuwa Janairun 2020 abin ya kai 'yan takarar shugaban ƙasa irin su Elizabeth Warren da Pete Buttigieg suna zuwa da kansu su amsa tambayoyi a ƙarƙashin maudu'in.

Nasarar tana da iyaka. A 2016 nakasassu kimanin miliyan 16 suka yi zaɓe, a 2020 suka kai miliyan 17.7, amma tazarar da ke tsakaninsu da sauran jama'a ta tsaya a wajen maki 6, kuma kaso mai yawa na ƙarin ya zo ne daga zaɓe ta gidan waya da korona ta tilasta. Sannan da Elon Musk ya sayi Twitter a 2022, cikin waɗanda aka sallama har da sashen da ke kula da sauƙaƙa wa makafi da kurame amfani da manhajar. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma muna da namu tarihin, kuma ya yi kama da nasu fiye da yadda muke zato. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. Majalisa ta zartar da ƙudurin dokar nakasassu a zamanin Jonathan har sau biyu, bai sa hannu ba. A Janairun 2019, ana saura wata guda zaɓe, aka tambayi Buhari a wani zauren tattaunawa na talabijin, ya nuna ƙudurin bai iso gare shi ba. Nakasassu suka fito zanga-zanga, magana ta cika kafafen sada zumunta, ranar 23 ga wata aka sanar ya sa hannu. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Kowa ya dubi ginin tsangayarsa ya ba kansa amsa.

A ɓangaren zaɓe, ƙungiyar Inclusive Friends da Grace Jerry ke jagoranta daga Jos ta riƙa tura nakasassu da kansu su duba rumfunan zaɓe su rubuta abin da suka gani. Irin wannan matsin ne ya sa INEC ta kawo gilashin ƙara girman rubutu don zabiya, da jagorar takardar ƙuri'a mai rubutun makafi, sannan dokar zaɓe ta 2022 ta yi musu tanadi a sashe na 54. Amma ga wani lissafi da ke damuna. A rajistar 2023 mutum 93,469,008 ne, waɗanda aka rubuta a matsayin nakasassu kuwa 85,362 kacal, wato bai kai mutum ɗaya cikin dubu ba, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da nakasa. Ɗan siyasa lissafi yake bi. Wanda ba ya cikin lissafi, buhun shinkafa da keken guragu a gaban kyamara sun ishe shi.

Mu 'yan Arewa abin ya fi shafarmu. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, cutar ta sake bazuwa, a 2006 kaɗai yara sama da 1,000 ta kama a Najeriya, mafi yawansu a jihohinmu. Yaran nan yanzu sun isa zaɓe, ƙannenmu ne, wasu ma muna aji ɗaya da su a digirin farko. Kuma ba a warwatse suke ba. Tun kafin Bature ya zo garuruwanmu suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, kowa da jama'arsa da fadarsa. Wato haɗin kan da Amurkawa suka nema a Twitter mu muna da shi a ƙasa, sai dai 'yan siyasa sun maida shi hanyar rabon sadaka ranar kamfen. A ɗaya gefen kuma fafutukar da ake yi a intanet da Turanci ake yinta, daga Abuja da Legas, makahon da ke Unguwar Makafi bai san ana yi ba. Shi rediyo yake ji, da saƙon murya na WhatsApp. A ganina duk wanda zai kwaikwayi #CripTheVote a Arewa ya ɗauki tsarin tambayoyi masu lamba da lokaci tsayayye, ya bar Twitter ɗin, ya yi da Hausa kuma da murya.

Shi ya sa nake so mu fara da ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa a nan makaranta, tunda zaɓenmu ya matso. Ɗakin da aka saba yin zaɓen yana hawa na biyu, ba lif, ba gangare. Muna da 'yan uwa biyu masu keke da ɗaya makaho. Bara masu keken sai da aka ɗauke su cak aka hau da su, ɗayan ya ce ba zai sake ba, kuma bai yi laifi ba. Makahon kuma sai da ya raɗa wa wani sunan wanda yake so, a gaban wakilan 'yan takara. Zan kawo shawara a taron ranar Asabar cewa a sauko da akwatin ƙasa, kowane ɗan takara ya turo manufofinsa da murya ban da rubutu, sannan a ware awa ɗaya a zauren WhatsApp ɗinmu inda su ukun ne za su tsara tambayoyin, su ne kuma za su fara yi. Na riga na yi magana da su sun amince, ɗaya ma ya ce tambayarsa ta farko kan banɗakin masallacinmu ce. Kwamitin zaɓe ya ce sai an samu mutum goma sun mara wa shawarar baya kafin a sa ta a ajanda, yanzu muna da huɗu. Mai so ya rubuta sunansa a ƙasa kafin Juma'a.