Hatimi da Tatsuniya a Zangon Kumasi

Zango, kamar yadda mai karatu ya sani, wuri ne da ayari ke sauka a kwana, gari ya waye a ɗaura kaya a wuce. Amma a Kumasi, babban birnin Tonawa, wato mutanen Asante, baƙi sun sauka ba su tashi ba. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, 'ya'yan suka haifi nasu, har wa yau kuwa sunan unguwar zango. Wanda aka haifa a wurin da sunansa ke cewa shi mai wucewa ne, da me zai nuna ko shi wane ne? Mutanen zangon nan ba su da gona ko kujerar sarauta a ƙasar. Abin da suke da shi shi ne abin da hannu ke zanawa da abin da baki ke faɗa.

Goro ne mafarin zancen. Fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan yi watanni a hanya da jakuna, madugu yana gaba, su kai kanwa da tufafi da fatu ƙasar Gwanja, su komo da goron da ke fitowa daga kurmin Tonawa. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga. A yawancin ƙarni na 19 sarakunan Asante ba su cika barin fataken arewa su shigo har Kumasi ba. Duk da haka akwai Musulmi a birnin tun da daɗewa, ko da yake yawancinsu Gwanjawa ne da Dagombawa da Wangarawa. Tonawa suna kiransu Kramo.

Sa'ad da wani Bature mai suna Thomas Bowdich ya isa Kumasi a 1817, zamanin Sarki Osei Bonsu, ya tarar da malaman nan suna da daraja ƙwarai a fada. Ba addininsu ne Tonawa suke bi ba. Rubutunsu suke so. Malam yakan ɗauki takarda ya ja layuka a tsaye da a kwance, ya cika kowane gida da harafi ko lamba, ya ƙawata kusurwoyi, sa'an nan a naɗe takardar a ɗinke ta cikin fata. Wannan zane shi ne hatimi, abin da aka ɗinke kuwa laya. Bowdich ya lura cewa falle guda na takarda ya isa ya ciyar da ƙaramin malami wata ɗaya, saboda tsadar layu. Jarumawa sukan sa taguwar yaƙi da aka lulluɓe da layu gaba da baya, waɗansu an rufe su da azurfa ko zinariya. Babbar rigar irin wannan, wadda ake kira batakarikese, tana cikin kayan sarautar Asante har yanzu. Ɗaruruwan takardun malaman Kumasi na wancan zamani suna ajiye a ɗakin littattafan sarki a Kopanhagan, ƙasar Danmak, kuma mafi yawansu bayani ne na yadda ake zana hatimi.

Ba nufina ba ne in yi magana a kan ko laya tana da iko. Abin da ya ja hankalina shi ne, mai sayen layar bai iya karanta ko harafi ɗaya ba. Da ido kawai yake duba ta, kamar yadda ake duban hoto. Abin da ido ya saba gani kuwa, hannu yakan so ya kwaikwaya. A garin Ntonso, kusa da Kumasi, ana yin zanen da ake kira adinkira. Akan ja layuka a kan ƙyalle a raba shi gida gida, sa'an nan a cika kowane gida da alamu, da tambarin da aka sassaƙa daga ƙwarya, ana tsoma shi cikin baƙin rini na ɓawon itace. Bowdich ya samo guda ɗaya a Kumasi a 1817, yana nan a gidan tarihin Birtaniya a Landan. Waɗansu masana suna ganin tsarin gidajen nan daga hatimi ya samo asali, waɗansu kuma suna jayayya. Amma akwai shaidar da ba ta da musu. Cikin alamun adinkira akwai wadda sunanta karin magana ne a kan Kramo, ma'anarsa ita ce, mugun malami ya sa ba a gane nagari. Ashe masu gari sun zana baƙonsu a jikin tufarsu, da yabo da zargi a haɗe.

Zangon da muka sani yau ya zo ne daga baya. Yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892. Ingilishi suka kama Sarki Prempeh na ɗaya a 1896, suka murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, cikin sojojinsu kuwa akwai Hausawa da yawa. Hanya ta buɗe, 'yan kasuwa da mahauta da maɗinka da malamai suka kwararo. Bayan annobar da ta faɗa wa birnin a 1924 aka gina Sabon Zango. Mosawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da mutanen arewacin Ghana, Musulmi da Kirista, suka zauna ƙofa da ƙofa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Maɗinki ya zo da aska takwas a ƙirjin babbar riga, almajiri ya zo da zayyanar allon sauka. Wanda ya sa rigar nan ya ratsa kasuwar Kejetia tsakanin masu yafa kente, ya riga ya faɗi asalinsa tun bai buɗe baki ba.

Da dare kuma sai tatsuniya. A nan ne abin mamaki ya faru, gama Gizo ya zo Kumasi ya iske ɗan'uwansa. Tonawa ma gizo-gizo ne gwanin tatsuniyarsu, sunansa Ananse, mayaudari ne, makwaɗaici, kamar namu. Namu yana da tsamin baki, nasu ta hanci yake magana. Namu yana da Ƙoƙi, nasu yana da Aso. Mai ba da labari a wurinsu yakan fara da gargaɗi cewa abin da zai faɗa ba lalle gaskiya ba ne, mu kuwa a ƙarshe muke jingina ƙaryar ga Gizo. Wani jami'in Ingilishi, R. S. Rattray, ya roƙi Malam Shaihu, Bahaushe mazaunin ƙasar, ya rubuta tatsuniyoyi da ajami, aka buga su a Oksfod a 1913 cikin littafi biyu. Shi wannan Rattray ya tattara na Ananse ya buga a 1930, da hotunan da 'yan ƙasar suka zana. Abin takaici, sunan Bature ne ya shahara, na malamin kuwa sai mai bincike.

A ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita daga Ghana. Mutane da yawa da aka haifa a zango, waɗanda ba su taɓa ganin Kano ko Wagadugu ba, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen kakanninsu. Waɗanda suka rage suka ga cewa shekarun zama ba su kankare musu sunan baƙo ba.

Shekara biyu bayan wannan, a 1971, aka haifi Mohammed Naseehu Ali a Kumasi, cikin gidan Hausawa. Ya tafi Amurka yana matashi, ya yi karatu a makarantar fasaha ta Interlochen da kwalejin Bennington. A 2005 ya fitar da littafin gajerun labarai, The Prophet of Zongo Street. Titin da ya ƙaga a ciki babu shi a taswirar Kumasi, amma duk ɗan zango zai gane shi. Labari na fari tsohuwa ce, Uwargida, ta tara yara da dare tana yi musu tatsuniya, ta ƙofar nan ya shigar da masu karatunsa na Niyok. Da Turanci ya rubuta, ni kuwa da na so a ce akwai shi da Hausa, domin masu labarin su ji kansu da bakinsu.

Wanda ya fi shahara cikin labaran shi ne na Malam Sile, mai shayi, gajeren mutum da ya zo daga arewa, wanda samarin unguwa suka mai da abin ba'a, suna cin bashinsa ba sa biya. Ko a cikin zango, shi baƙon baƙi ne. Daga baya ya auro Abiba, ƙaƙƙarfar mace, ita ce ta bi babban ɗan iskan unguwar har gida, ta kayar da shi a gaban jama'a saboda bashin mijinta. Sile bai san abin da ya faru ba. Sai dai ya ga mutane sun fara gaishe shi da ladabi, ya gode wa Allah, ya ci gaba da dafa shayinsa.